Nocleg da gostinitsa: ɗaya dare take kallo, ɗaya baƙo

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa allon masauki a Folan yake cewa "noclegi", a Rasha kuma "gostinitsa", alhali harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Duka biyun gadon kakanninsu ne, ba aro ba, sai dai kowace da inda ta dosa.

Nocleg, tilon noclegi, haɗi ce ta noc, wato dare, da tushen leg, kwanciya. Wurin da za ka miƙe haƙarƙari zuwa wayewar gari ke nan, ba ruwanta da ko kai wane ne. Mutanen Cek suna cewa nocleh. Rashawa ma suna da nochleg, amma 'yarta nochlezhka ta zama makwancin marasa galihu, har ƙungiyar da ke tallafa wa masu kwanan titi a Sant Fitasbag tun 1990 da wannan sunan take amsawa.

Gostinitsa ce ta fi ɗaukar hankalina, domin tarihin ciniki na kwance a cikinta. Daga gost ta fito, baƙo. A tsofaffin biranen Rasha irin su Nobgorod, gost babban falke ne mai kai kaya ƙasashen nesa, ba mai zuwa gaisuwa kawai ba. Shi ya sa Gostiny Dvor da ke Sant Fitasbag kasuwa ce, ba otal ba. Ɗan abin da matafiyi ya riƙo wa yara, tsarabarmu dai, Rashawa na kiransa gostinets, yayin da gościniec a Folan ke nufin babbar hanyar matafiya. Tushen ya ma girmi harsunan nan, don shi ya ba Jamusawa Gast, ya ba Latin hostis, wadda ta tashi daga baƙo ta koma abokin gaba.

Idan ka gangara Bosniya da Sabiya, inda Daular Usmaniyya ta yi ƙarnoni tana mulki, za ka haɗu da sunayen masauki na aro. Konak daga Turkanci take, daga fi'ilin da ke nufin sauka, han kuma Farisanci ce da ta biyo ta bakin Turkawa. Morića Han, wani tsohon masaukin fatake, na nan a tsohuwar kasuwar Sarayebo, babban birnin Bosniya, har yau.

Saboda haka in ka ga "noclegi" a bakin titi a Folan, gado aka yi maka alkawari. Ka tambayi batun karin kumallo kafin ka biya.