Sharhi kan zauren muhawara na wani coci: ƙa'idar magana ta tsaru, ta tsaro na buƙatar gyara

Ba kowane coci ne zai yarda ya buɗe ɗakin taronsa ga wanda ba ɗan ikilisiya ba, ya miƙa masa makirufo, ya kuma bar shi ya soki wa'azin da fasto ya yi ranar Lahadi. Cocin da nake sharhi a kansa yana yin hakan ta hanyar wani zama da yake shiryawa lokaci-lokaci, inda ake gayyatar baƙo ya gabatar da jawabi kan batun da jama'a ke saɓani a kai, sannan a ba mahalarta dama su yi tambaya ko su mayar da martani. Ana shiga ba tare da an tambayi mutum addininsa ko ɗarikarsa ba, kuma ƙungiyoyin waje suna iya neman zauren domin taronsu, muddin sun amince da ƙa'idojin wurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne takardar ƙa'idojin da ake ba kowa a ƙofa. Gajera ce, amma ta bambanta abubuwa biyu da mutane da yawa ke cakuɗawa: ra'ayi mai zafi da kalaman ƙiyayya. Mutum yana da damar cewa koyarwar wata ɗarika kuskure ce, ko shugabannin ikilisiya sun gaza, ko ma bai yarda da addini ba gaba ɗaya. Abin da aka hana shi ne kiran wata al'umma da sunan dabba ko cuta, ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa, da kuma kira a cutar da wani. Wannan rabe-rabe ya yi daidai da Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da Siyasa ta 1966, wadda sashe na 19 a cikinta ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 20 kuma ya umarci ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa, launin fata ko addini idan ta kai ga tunzura mutane su nuna wariya, gaba ko tashin hankali. Masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara a Rabat, babban birnin Maroko, a 2012 sun ƙara fayyace lamarin da ma'auni shida: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da sigarta, iyakar yaɗuwarta, da yiwuwar ta haifar da ɓarna.

Dattijon da ke shugabantar zaman yana aiki da irin wannan hankali, ko da bai ambaci ma'aunan da suna ba. Idan mai magana ya fara zamewa daga sukar ra'ayi zuwa zagin mutane, yakan dakatar da shi cikin ladabi, ya tambaye shi ko zai iya maimaita hujjarsa ba tare da wannan kalmar ba, kuma galibi mutum yakan iya. Sai wanda ya ƙi ne ake karɓe makirufo daga hannunsa. Wasu na ganin hana kiran mutane da sunan dabba tsanantawa ce, amma tarihi bai goyi bayansu ba. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kuma a 1994 an kashe dubban mutane a cikin majami'un Ntarama da Nyamata, inda suka gudu domin neman mafaka. Magana zarar bunu ce, kuma cocin da ya san wannan tarihi yana da hujjar sa ido a kan abin da ake furtawa a ƙarƙashin rufinsa.

Akwai kuma masu cewa ƙa'idojin sun tauye 'yanci, suna kafa hujja da Amurka, inda a 2011 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta kare 'yancin mabiya cocin Westboro na ɗaga alluna masu ɗauke da kalamai masu muni kusa da wurin jana'izar wani soja. Sai dai wannan hukunci ya shafi abin da hukuma za ta iya hukunta mutum a kai ne idan ya yi magana a fili. Bai tilasta wa kowane coci ya ba da mumbarinsa ga duk wanda ya nema ba.

Ta fuskar tsaron ƙofa ma an yi ƙoƙari. Ana duba jakunkuna ba tare da wulaƙanci ba, kuma ana duba kowa, har da dattawan ikilisiya, saboda haka baƙo ba ya jin an ware shi. Hanyoyin fita a buɗe suke, kuma akan sanar da su tun farkon zama. Wanda ya tuna harin birnin Charleston na Amurka na ranar 17 ga Yuni, 2015, inda wani matashi ya shiga darasin Littafi Mai Tsarki a cocin Emanuel, aka karɓe shi hannu bibbiyu, ya zauna tare da su kafin ya harbe mutum 9 har lahira, ba zai ga wannan bincike a matsayin rashin karamci ba.

Inda tsarin ya gaza shi ne yadda ake amfani da kalmar tsaro wajen soke taro. Ƙa'idar magana a rubuce take, kowa zai iya karantawa ya ƙalubalance ta, amma shawarar soke zama tana hannun wani ƙaramin kwamiti wanda ba ya bayyana ma'aunin da yake bi. An taɓa ɗage jawabin wata baƙuwa da za ta yi magana kan yadda ikilisiyoyi ke tafiyar da ƙorafin cin zarafi, bayan an samu saƙonnin ɓacin rai daga wasu, kuma sanarwar da aka fitar ba ta wuce cewa akwai dalilan tsaro ba. Ba a ce an kai rahoto ga 'yan sanda ba, ba a kuma sa sabuwar rana ba. Ban ce babu barazana ba, domin mai yiwuwa kwamitin ya ga abin da sauran jama'a ba su gani ba. Amma idan ya zama duk wanda ya aiko da saƙon tsoratarwa yana iya rufe bakin wanda bai karya wata ƙa'ida ba, to an koya wa masu barazana cewa hanyarsu tana aiki, kuma gobe za su sake. Abin lura shi ne, batutuwan da ake ɗagewa sun fi karkata ga waɗanda ke taɓa shugabannin cocin kansu, wanda hakan ke sa mutum ya yi zargin cewa wani lokaci jin kunya ake gudu, ba hari ba.

Gyaran ba shi da wuya. Kamata ya yi a rubuta matakan da za a bi kafin a kai ga sokewa, kamar ƙara masu gadi, taƙaita shiga ga waɗanda suka yi rajista, ko sauya lokaci zuwa rana, sannan duk taron da aka ɗage a sanar da ranar da za a yi shi. Haka nan, wanda aka karɓe wa makirufo ba shi da inda zai kai kuka a yanzu, alhali shugaban zama ma ɗan Adam ne.

Ga wanda ke son sauraron muhawara mai zafi kan addini da zamantakewa ba tare da zage-zage ba, wannan zaure ya cancanci a halarta. Ƙungiyar da ke shirin neman wurin domin batu mai sarƙaƙiya kuwa, gara ta nemi a rubuta mata sharuɗɗan soke taro tun kafin ta buga takardun gayyata.