Allurar rigakafin hepatitis B ko maganin ƙara garkuwar jiki?

Hajiya, tsakanin kwalbar nan ta ƙara garkuwa da aka yi miki talla da allurar ciwon hanta na B, wallahi allurar za ki yi, kuɗin kwalbar ki sai wa yara lemo da ƙwai.

Ni a asibiti na yi tawa, guda uku ake yi, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Bayan ta biyun sai na ji wani ɗan kumburi a hammatar hannun da aka yi min, na koma a tsorace, nas ɗin tana ta min dariya wai kaluluwa ce, jikinki ne ya kama aiki. Baiwar Allah ta zaunar da ni ta min bayani har da zane a bayan kati. Abin da aka zuba a damtse yakan bi wasu siraran hanyoyi ya sauka a ƙullutun da ke hammata, a can wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin B suke, kowacce da irin baƙon da ta iya ganewa, to wadda ta gane wannan sai ƙwayoyin T, su ma na garkuwar jiki, su taimaka mata ta yi ta hayayyafa, wurin ya cika, shi ne kumburin. Daga cikinsu wasu su zama ƙwayoyin plasma masu fitar da antibodi, wato sinadaran da ke yaƙar cutar, cikin jini, wasun su har ɓargo suke komawa su zauna shekaru suna aikin, wasu kuma su tsaya da tunin cutar ko da za ta dawo. Kumburin da kansa ya sace, ba kuma kowa yake yi wa ba. Da na gama, bayan wata guda na yi gwajin anti-HBs, mai auna yawan antibodi a jini, aka ce in ya kai 10 mIU/mL an samu kariya, nawa ya wuce, ranar har sadaka na yi.

Kwalbar kuwa na taɓa saya, tana nan saman firji ta yi ƙura. In akwai bitamin a ciki to ba laifi, amma ba ta da abin da za ta nuna wa ƙwayoyin B su gane wannan cutar, sai tsada.

Kafin allurar ki fara gwajin HBsAg, mai nuna ko cutar na jikinki, don in cutar ta riga ta shiga allura ba ta fitar da ita, likita za a gani. Sai 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, shi ya sa mu manya yawanci ba mu samu ba. Yara yanzu ana musu ranar haihuwa, sannan cikin penta, allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, a sati 6, 10 da 14, ki duba katinsu.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki kiyayi masu yawo ofis-ofis da kula suna allura a araha. Tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta daskare ta lalace, kuma da ido ba lallai ki gane ba. Ki ce a nuna miki kwalbar allurar da ranar ƙarewarta a gabanki, a rubuta miki kati. Masu kwalbar ƙara garkuwa ma wasu lambar NAFDAC ɗin bugawa kawai suke, wanda ya ce maganinsa na wanke hepatitis daga jini cikin sati biyu kuɗinki yake so.

Kaluluwar da ta yi tauri, ba ciwo, ta ɗau makonni ba ta sauka ba, musamman da rama ko gumin dare, wannan daban ce, asibiti za a kai ta. Ki je babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke, ki tambayi ɓangaren rigakafi, ki tafi da oga ma a gwada shi.