Sashen gyaran murɗaɗɗiyar ƙafa kyauta: abin da muka gani cikin shekara biyu

An haifi ɗanmu na uku ƙafafunsa biyu a murɗe, tafin kowace yana kallon ɗayar, dunduniya kuma ta ɗage sama. Kafin ranar suna shawarwari sun yi yawa: wasu sun ce a kai shi wurin maɗori, wasu kuma sun ɗora laifin a kan fitar da mahaifiyarsa take yi da almuru lokacin da take da ciki. Ungozomar asibiti ce ta tura mu wani sashe da ke gyaran irin wannan ƙafa kyauta a cikin birnin Kano, wanda wata ƙungiyar agaji take ɗaukar nauyin kayan aikinsa. Yanzu mun shekara biyu muna zuwa, don haka ina ganin na isa in faɗi yadda aikinsu yake.

Abin da ya fara kwantar mana da hankali shi ne bayanin ranar farko. Wata ma'aikaciya, wadda aikinta shi ne zama da iyaye, ta dubi mahaifiyar yaron ta ce: "Maman yaro, ki daina zargin kanki, ba abin da kika ci ko kika taka ba ne ya jawo wannan." Ta bayyana mana cewa kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da wannan lalura, ta fi samun maza, kuma kusan rabin masu ita ƙafa biyu take kama musu. Hanyar da suke bi ita ce ta Ignacio Ponseti, likita ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya nuna cewa jijiyoyin jariri suna da laushin da za a iya miƙar da ƙafar sannu a hankali ba tare da babbar tiyata ba.

Matakin farko ba ni da abin kushewa a cikinsa. Kowane mako ma'aikaci yakan riƙe ƙafar, ya ɗan juya ta waje da hannu cikin natsuwa, sannan a naɗa siminti tun daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe don kada ɗaurin ya zame. Sun koya mana mu riƙa danna yatsun muna duba ko jini yana gudana, kuma idan suka yi sanyi ko suka kumbura mu dawo ko da tsakar dare ne. Ɗauri shida aka yi wa ɗanmu, kafin likita ya yi ɗan ƙaramin yanka a agara domin dunduniyar ta sauko, aikin da bai kai tsawon alwala da salla ba. An mayar da siminti na ƙarshe na mako uku, kuma ranar da aka cire shi kakarsa ta riƙe ƙafafun tana jujjuya su, ta kasa cewa komai sai hamdala. Ba a karɓi ko sisi a hannunmu ba in ban da kuɗin kati.

Wahalar tana cikin mataki na biyu, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a auna sashen. Bayan siminti ana ba yaro takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗe su, ya sa su awa 23 a kullum har wata uku, daga nan ya riƙa kwana da su har ya kai shekara huɗu ko biyar, domin idan aka yi sakaci ƙafar takan koma yadda take. Daren farko bai bar kowa ya runtsa ba, saboda ya saba harba ƙafa ɗaiɗai, ga shi an ɗaure su wuri guda. Goyo ma ya zama aiki, ga zafin bazara da ke sa dunduniya ta yi kanta. Mun kusa ajiye takalman a mako na biyu, sai ma'aikaciyar nan ta kira waya ba tare da mun nema ba, ta nuna mana yadda ake sa safa mai laushi da yadda ake fara ɗaure igiyar tsakiya don dunduniya ta zauna ƙasa. A ganina wannan bibiya ta fi simintin kansa daraja, domin na ga iyayen da suka ɓace da zarar ƙafa ta miƙe, sannan suka dawo bayan shekara da yaro yana taka gefen ƙafa.

Akwai gyara. Rana ɗaya tak ake buɗe sashen a mako, wanda ya iso bayan hantsi kuwa sai ya kai la'asar a kan benci da jariri a cinya. Sau ɗaya ƙafar ɗanmu ta fi ƙarfin takalminsa, aka ce lambarsa ta ƙare, muka yi mako uku muna jira. Takardar bayanin da ake rabawa da Turanci take, alhali yawancin matan da ke layin Hausa kaɗai suke ji. Haka kuma matakala ake hawa zuwa sashen, duk da cewa dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Babban giɓin dai shi ne kuɗin mota: magani kyauta ne, amma matar da ke tahowa daga ƙauye kowane mako ita da mai rakiya tana kashe abin da ya fi ƙarfin gidanta, kuma da masu bayar da zakka da sadaka za su dubi wannan ɓangare, da yara da yawa sun kammala.

Duk da haka ina ba duk wanda aka haifa masa irin wannan jariri shawarar ya je a makonnin farko, tun ƙafar tana da laushi. A Najeriya ƙungiyar MiracleFeet tana tallafa wa irin wannan aiki a asibitoci daban-daban, mutanen Nijar kuma suna da asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010. Ɗanmu yanzu yana bin yayyensa da gudu a tsakar gida, da daddare kuma shi yake ɗauko takalman ya miƙa wa mahaifiyarsa, kuma saura mana aƙalla shekara biyu muna ɗaura su.