Daga bariki zuwa motar sintiri: wata huɗuna a shirin SkillBridge na wata rundunar 'yan sanda

Shekara takwas na yi a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, na ajiye kaki ina saje. Tun da saura shekara guda na fita, tunanin abin da zan ci da iyali ya hana ni sakat, don ban iya wata sana'a ba sai wadda aka koya mini a bariki. A azuzuwan TAP, darussan komawa farar hula da doka ta wajabta wa sojan da zai bar aiki, na fara jin labarin SkillBridge. Ma'aikatar tsaro tana barin soja ya yi har kwana 180 na ƙarshen aikinsa yana koyon aiki a wurin farar hula, albashinsa na soja da kuɗin gida suna shigowa yadda suka saba. Wurin da ka je ba zai biya ka ko sisi ba, kuma sai kwamandanka ya sa hannu.

Na zaɓi shirin wata rundunar 'yan sanda ta gunduma, na wata huɗu. Mu goma sha ɗaya muka fara. Na tafi da zaton cewa wanda ya san bindiga, ya saba tashin asuba da bin umarni, ai ya ci rabin aikin ɗan sanda. Harbi kuwa shi ne abin da muka fi yi kaɗan, kuma yanzu na ga dalili.

Inda shirin ya biya ni shi ne bin motar sintiri. An haɗa kowannenmu da tsohon ɗan sanda, nawa wani dattijo ne da shi ma ya taɓa soja. A mako na uku aka kira mu wani gida cikin dare, miji da mata suna rigima. Muna sauka jikina ya koma yadda ya saba: idona a kan rufin gidaje da tagogi, kafaɗa a ɗage, na daka wa maigidan tsawa ya fito da hannuwansa. Mutumin ya ƙara harzuƙa. Dattijon ya matso a hankali, ya tambaye shi sunansa, ya tambaye shi ko yaran sun yi barci. Ba a yi minti goma ba mutumin yana zaune a bakin ƙofa yana share hawaye. Da muka koma mota ya ce mini, "Saje, muryar nan taka ta fagen daga ce. Wannan mutumin gobe da safe za ka gan shi yana kai 'yarsa makaranta, kuma zai tuna yadda ka yi masa magana." Har yau in na kama ƙofar mota zan fita, maganar nan takan faɗo mini.

Darussan doka ma sun yi kyau ƙwarai. A soja, ƙa'idar buɗe wuta daga sama take zuwa, kuma tana canjawa da wurin da aka tura ka. A nan kotu ce ta shata iyaka. Malamarmu, wata lauya, ta zauna da mu a kan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1985 a shari'ar Tennessee da Garner, wanda ya hana a harbi mai gudu sai da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa zai iya kashe wani ko ya ji masa mummunan rauni. Sai na Graham da Connor na 1989, wanda ya ce za a auna ƙarfin da ka yi amfani da shi da abin da ɗan sanda mai hankali zai yi a wannan halin. Ga gyara na huɗu na tsarin mulki kan bincike da kamu, ga gargaɗin Miranda na 1966, wato sanar da wanda aka kama haƙƙinsa na yin shiru da na samun lauya kafin a yi masa tambayoyi. Ba haddar sunaye ta sa mu ba. Takan kawo labarin tsayar da mota guda ɗaya, ta canja abu kaɗan a ciki, ta ce to yanzu kana da ikon buɗe but ɗin ko babu? Mukan yi gardama har lokacin tashi ya wuce.

Sai rubuta rahoto, wanda na raina da farko. Rahoton soja gajere ne, cike da haruffan da sai ɗan gida ke ganewa. Rahoton ɗan sanda lauya zai karanta shi layi-layi yana neman inda ka yi tuntuɓe. Na farkon da na rubuta sau uku ana dawo mini da shi, kuma na gode da aka yi hakan a aji ba a gaban alƙali ba. Sun kuma yi mana gwajin zama gaban kwamitin ɗaukar aiki, suka bi da mu takardun binciken tarihin rayuwa da abin da za a tarar a gwajin na'urar gano ƙarya.

Amma akwai inda rundunar ta gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Shirin ba ya mayar da kai ɗan sanda, dole ka shiga makarantar horo ka sami shaidar jiharka. Ranar da na karɓi DD-214, takardar sallamata, albashin soja ya tsaya, makarantar kuwa sai bayan mako tara za ta ɗauki sabon aji. Ba wanda ya faɗa mana wannan da wuri. Da ɗan abin da uwargida ta tara muka biya haya. Daga bakin wani abokin aji kuma na ji cewa GI Bill, tallafin karatu da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, yana biyan kuɗin gida ga mai koyon aiki a wurin da aka amince da shi, cikakke a wata shida na farko, kashi 80 cikin ɗari a shida na biyu. Bayanin da ya kamata a yi mana ranar farko ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa. Awa ɗaya tak aka ware mata cikin wata huɗu. A cikinmu akwai waɗanda suka ga abin da ba ya faɗuwa, kuma na san mutum biyu da suka ƙi zuwa ganin likita don tsoron kada ya kayar da su a gwajin hankali na ɗaukar aiki. Rundunar da za ta damƙa wa mutum bindiga ta tura shi gidajen jama'a cikin dare, wajibi ne ta zauna da shi ta warware masa wannan tsoro.

Duk da haka, ɗan'uwa da ke shirin ajiye kaki, in ka tambaye ni zan ce ka shiga. Sai dai ka sani hukumomin 'yan sanda a Amurka sun kai kusan 18,000, kowace jiha da ƙa'idarta, don haka shirin wata runduna ba shi ne na wata ba. Fifikon maki 5 ko 10 da ake ba tsofaffin sojoji wajen ɗaukar aiki na aikin tarayya ne, na gunduma sai ka tambaya. Kafin ka kai wa kwamanda takarda, ka nemi ranar buɗe makarantar horo a rubuce, ka kuma tambayi awa nawa za ka yi a motar sintiri da wanda zai zauna kusa da kai. Ni yanzu ina mako na bakwai a makarantar, kuma dattijon nan yakan kira ni duk ƙarshen mako ya ji yadda rahotannina suke tafiya.