Sharhi kan firam ɗin da na saya don mayar da tsohuwar Beetle babur mai ƙafa uku

Sai da na bari wata bakwai suka wuce kafin na zauna rubuta wannan sharhi, domin da a makon da kayan suka iso na rubuta shi, da yabo ne zalla, da kuma a ranar da na fara hawa titi ne, da babu abin da zai fito sai ɓacin rai. Abin da na saya shi ne firam na ƙarfe da aka riga aka yi wa walda, tare da sandar giya, da matakan kuloci da birki, da ɗan littafin bayani, wato irin kayan da ake sayar wa mai son mayar da tsohuwar ƙaramar mota babur mai ƙafa uku, taya ɗaya a gaba, biyu a baya. Duk mai bibiyar wannan harka ya san masu sayar da shi, ya kuma san ba ƙaramin kuɗi suke karɓa ba.

Motar da na yanka Volkswagen Beetle ce ta 1974 mai injin 1600, wadda ta shekara tara a ajiye, tsatsa ta cinye ƙasanta har ana hango turɓaya daga kujerar direba. Bodin ya wuce gyara, amma injin da giyabos ba su da wata babbar matsala, kuma su ne kaɗai nake buƙata. Dalilin da ya sa masu wannan aiki suke neman Beetle a fili yake. Injinta a baya yake, manne da giyabos, daga jikin giyabos ɗin kuma ƙarfin injin yake zuwa ga tayoyin baya kai tsaye, saboda haka idan ka yanke bayan motar ka sami rabin babur ɗinka a haɗe. Iska ce take sanyaya injin, babu lagireto, babu tiyon ruwa da za ka nema wa wuri. An ƙera fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko a 2003, don haka kayan gyaranta ba su yanke ba har yau.

Ranar da na buɗe akwatin na yi farin ciki ƙwarai. Waldar firam ɗin ta kwanta sumul, babu rami, babu toshe-toshe, kuma da muka yanke bayan motar muka kawo bututun nan da sandunan ƙarfe masu aikin sifirin suke ciki, sai ya zauna a mazauninsa kamar tare aka ƙera su. Babu rami ɗaya da na faɗaɗa, babu noti ɗaya da na dole. Littafin ma ya yi wani gargaɗi da na yaba, inda ya hana a cire gwangwanayen da suka lulluɓe injin. Mutane da yawa suna cire su don injin ya fito fili ya yi kyau, alhali su ne suke tilasta wa iskar fanka bi ta kan silinda, kuma idan babu su injin zai yi zafi ya ƙone kansa. Na bar su yadda suke, na saita bawul a milimita 0.15 injin yana sanyi, na zuba baƙin mai lita biyu da rabi, na sa sabon fanbel. Injin ya tashi a juyi na uku.

Matsalar daga gaba ta fito. A tallarsu sun rubuta cewa ƙafar gaban kowane babban babur, wato sandunan nan biyu masu shoka da suke riƙe tayar gaba, za ta shiga wuyan firam ɗin, kuma a littafin ba a ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, sai dai girman boris ɗin da za a saya. Na samo ƙafar gaba ta wani babban babur, mai kyau, shokokinta ba sa yoyo, ta kuwa shiga kamar yadda suka ce. Na ɗaure, na juya kan babur ɗin hagu da dama a cikin gareji, na ji ya ɗan yi nauyi, amma na ɗauka haka abin yake tunda ban taɓa tuƙa irinsa ba.

Da sassafe na fita gwajin farko, a wani miƙaƙƙen titi da babu kowa, babban ɗana yana bina a baya da mota. Tashin farko ya yi daɗi. Na sa giya ta biyu, na sa ta uku, na kai wajen kilomita 60 a awa, babur ɗin yana tafiya sambal. Sai na hango kwana, na saki totur, na cire hannu ɗaya daga kan babur don in rage giya, tunda da hannu ake sa giyar. Gudun yana sauka kusa da 40 sai na ji kan ya fara kaɗawa a tafina, a hankali da farko, kamar an taka tsakuwa. Kafin in mayar da ɗaya hannun ya rikiɗe ya zama fizga, kan yana bugun hagu yana bugun dama da ƙarfin da ya fi nawa, har yana dukan tanki ina jin ƙarar ƙarfe. Na damƙe shi da hannu biyu, amma sai ya zama ni yake girgizawa. Na taka birki, tayoyin baya suka kama, babur ɗin ya karkata ya nufi gefen titi, kuma tunda wannan abu ba ya kwanciya a kwana kamar babur mai ƙafa biyu, babu yadda zan yi in juya shi da jikina. Ya tsaya ne tayar baya ɗaya ta sauka daga kwalta, taku biyu tsakanina da kwalbati. Ɗana ya fito da gudu yana cewa, “Baba, lafiya? Baba, ka ji ciwo?” Na kasa ba shi amsa na ɗan lokaci, domin hannayena sun ƙi sakin kan babur ɗin. Wuyan hannuna na dama ya kumbura har mako biyu, tankin da na yi wa sabon fenti kuma ya loma ta gefe biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a daren da ya gabata ɗan nawa ya roƙe ni in bar shi ya fara hawa, na hana shi ne kawai don ina son in zama na farko. Har yau idan na tuna wannan gabana yakan faɗi.

Muka ɗora babur ɗin a mota muka kai wa wani dattijo mai walda wanda ya daɗe yana haɗa irin waɗannan abubuwa. Ya fara da abin da kowa zai fara da shi: ya gwada iskar taya, ya ɗaga gaban ya girgiza ko boris ɗin wuya ya saki, ya juya tayar ko wilin ya lanƙwashe. Duk lafiya lau. Daga nan ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya jera shi da wuyan firam ɗin har ya taɓa ƙasa, ya yi alama da alli. Sannan ya rataya noti a zare daga tsakiyar tayar gaba, ya yi wata alamar inda notin ya sauka. Ya auna tsakanin alamun biyu, ya samu santimita 18. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Malam, wa ya ba ka wannan awon?” Na ce babu wanda ya ba ni wani awo, an dai ce kowace ƙafa za ta shiga. Ya ce, “Shiga daban, tafiya daban. Allah ne ya tsare ka.”

Bayanin da ya yi mini a tsaye cikin minti biyar shi ne abin da ya kamata ya cika shafi guda a littafinsu. Tayar gaba tana taɓa ƙasa ne a bayan wurin da layin wuya ya sauka, kuma wannan tazarar ce take sa taya ta riƙa komawa tsakiya da kanta, kamar yadda ƙananan tayoyin kujerar ofis suke bin bayan inda aka tura su. Babur mai ƙafa biyu yakan samu wajen santimita 10, kuma hakan ya dace da shi domin yana kwanciya a kwana. Mai ƙafa uku kuwa ba ya kwanciya, da ƙarfin hannu ake tura kansa, don haka ƙasa da wannan yake so. Su kuma sun kwantar da wuyan firam ɗinsu sosai don babur ɗin ya yi tsawo ya yi kyan gani, wanda hakan ya ƙara tazarar, sai ga shi duk wanda ya sa ƙafar babur ta yau da kullum zai samu abin da na samu. Ƙari a kan haka, injin Beetle a bayan layin tayoyin baya yake rataye, nauyinsa yana ɗaga gaban, tayar gaba ba ta danne ƙasa yadda ya kamata. Duk wani rami da tayar baya ɗaya ta faɗa sai ya ture wuyan gefe, tayar gaba ta yi ƙoƙarin komawa tsakiya ta wuce, ta dawo ta sake wucewa, abin ya yi ta ƙaruwa.

Na rubuta wa masu kayan, na aika musu da hotunan awon da na tankin. Bayan kwana goma sha ɗaya suka amsa da layi uku, cewa su firam suke sayarwa, zaɓen ƙafar gaba alhakin mai haɗawa ne, kuma suna da wata ƙafa ta musamman da ta dace da wuyansu idan ina so in saya. Wannan amsa ta fi ƙona mini rai a kan haɗarin kansa, domin ta nuna sun san da matsalar, har sun ƙera maganinta sun ajiye, amma suka bar kalmar “kowace ƙafa” a tallarsu. Na sake rubutawa na ce ba kuɗi nake nema ba, su dai ƙara gargaɗi a littafin don wani kada ya faɗa. Ba su sake amsawa ba.

Ban sayi tasu ba. Dattijon ya zana sababbin farantan da suke riƙe ƙafar gaba, aka yanka su daga ƙarfe mai kauri yadda za su tura tayar gaba, tazarar ta dawo santimita 6. Muka matso da batir da akwatin sifanu can gaba kusa da wuya don su danne tayar, muka sa ɗan shoka a kwance mai hana kai fizga, muka rage iskar tayoyin baya tunda yanzu ba mota suke ɗauke da ita ba. Shi ne kuma ya lura cewa layin yankan da littafin ya nuna ya bi dab da lambar shasi, wadda a Beetle aka buga ta a kan tudun tsakiya ƙarƙashin kujerar baya. Mun yi sa'a ba mu taɓa ta ba, domin da ta tafi da rajistar abin ta zama wata wahalar.

Gaskiya kuwa tun daga wannan gyara babur ɗin ya zama abin da na yi mafarki. Kan ya yi sauƙi, ina iya sakin totur a kowane gudu ba tare da ya motsa ba, injin da aka yi don jan mota da mutum huɗu yanzu ni kaɗai yake ja, yana hawa tudu a giya ta huɗu ba ya nishi. Ga ribas, wanda duk mai babban babur ya san darajarsa. Na yi fiye da kilomita 2,000, na duba waldar firam ɗin sau uku da fitila, babu tsaga ko ɗaya. Akwai yammacin da nake dawowa ina jin ƙarar salansa a bayana har in ce a raina na yafe musu, ƙarfensu dai mai kyau ne.

Sai dai duk lokacin da na zo rage giya daga ta uku zuwa ta biyu sai yafiyar ta gudu. A Beetle ribas yana maƙwabtaka da giya ta biyu, shi ya sa a motar akwai wani ɗan faranti a gindin sandar giya da yake hana ta shiga ribas sai an danna ta ƙasa. Sandar da suka aiko ba ta da wannan farantin, littafin kuma bai ambace shi ba, ni kuwa na riga na zubar da na motar tare da bodin. Sau biyu ina cikin tafiya na ja sandar ta zarce, giyabos ya yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kuma da na canja mansa na ga ɓarɓashin ƙarfe a jikin notin ƙasa. Wannan ma irin wancan halin ne, a ba ka abu mai kyau a ɓoye maka abin da zai cutar da kai, kuma da a ce ƙafar gaban ce kaɗai da na ɗauke shi a matsayin kuskure.

Wanda ya riga ya saya, ya nemi zare da alli ya auna tazarar nan kafin ya fita daga gareji, kuma ya cire farantin giya daga motarsa ya adana kafin ya rabu da bodin. Ni na samo wani farantin daga wata matacciyar Beetle, yana kan teburin dattijon yana jiran a yi masa mazauni, kuma na gaya wa ɗana ba zai hau ba sai an ɗaura shi.