Lalita, kati ko aike: da wanne za ka fita waje da kuɗinka?

Mai barin Damagaram zuwa Kano sarin kaya, ko Makka aikin Umra, ni lalita nake ba shi shawara, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. A nemi ta fata mai laushi, mai aljihu biyu, wadda fasfo zai shiga ba sai an lanƙwasa shi ba. Ka ja ɗinkin da ƙarfi tun a gaban mai sayarwa, domin akwai roba da ake yi wa fenti ta yi kama da fata, gumi na taɓa ta sai ta dare. Kuɗin a naɗe su cikin leda tukuna. Na mota da abinci su zauna a aljihun gaba, kada ka riƙa ɗaga riga a tasha.

Jakar wuya igiyarta a fili take, reza ɗaya ta ishe ta. Katin banki sai ranar da na'ura ta yarda, ga caji. Aike kuwa sai garin da kamfanin yake da reshe.

Kuɗin da za a zuba ciki, na fi son yuro, saboda sefa a ɗaure take da shi: yuro ɗaya kusan sefa 656, ba hawa ba sauka. A ɗauki ƴan 50. Ƴar 500 an daina fitar da ita tun 2019, canza ta wahala ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. An taɓa cusa mini ɗaya a tsakiyar ƙulli, sama da ƙasa duk masu kyau. Saboda haka ka warware ƙullin, ka ɗaga kowace takarda a haske har ka ga hoton da ke ɓoye cikinta. Dalar Amurka 100 da aka fitar a 2013 tana da shuɗin zare saƙe cikin takardar. Idan a sama aka buga shi kawai, mayar wa ɗan canjin. Tsofaffin kuma ƴan canji kan rage musu daraja. In ka gama ƙirga ya ce kawo ya sake dubawa, to ka sake ƙirgawa daga farko, don a nan ake zare biyu ko uku. Wanda ya tare ka a bakin mota da farashin da ya fi na Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, daɗi, kada ka tsaya.

Mai zuwa Saudiyya da abin da ya kai iyakar da hukumar ƙasar ta sa, kuɗi ko zinariya, dole ya bayyana wa kwastan.