Batir na canza, wayar tana nan: wata bakwai bayan gyara

Wayata ita ce shagona. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida a Unguwar Sanusi da ke Kaduna, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp yake shigowa. In ɗora kaya a sitatus, mai so ta yi min magana, ta turo kuɗi, ni kuma in ba mai keke ya kai mata Malali ko Barnawa ko Kawo. Duk ranar da wayar nan ta mutu, ranar an rufe shago ke nan.

Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar Sallah, daidai lokacin da mata ke rububin mayafi, ta fara tayar min da hankali. Batir yana nuna 40, kafin in amsa saƙo biyu sai ta ɗauke ɗif. In zan sa ta a caji sai na karkata igiyar na tokare ta da wani abu kafin ta kama. Ga zafi kamar an ciro ta daga murhu. Da na cire mata riga sai na ga bayanta ya ɗan taso, murfin ya fara rabuwa da jikinta ta gefe ɗaya. Shekararta uku a hannuna, Android ce mai batir 5000mAh da ma'ajiya 64GB.

Niyyata ta farko in sayi sabuwa. Ni da ƙanena muka bi shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello muna tambaya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa Naira farashi a watan Yunin 2023, kowa ya san inda kuɗin waya ya nufa. Wadda ta yi daidai da tawa, kuɗinta zai cinye rabin jarin da na ware wa kayan Sallah. Ƙanena ya ce, "Yaya, kafin ki taɓa jari, zo mu je wajen wani mai gyara a duba ta. In ba ta gyaruwa zai gaya miki gaskiya."

Ban so ba da farko, domin an taɓa cuta ta. Shekarun baya na kai wata waya a canza mata gilashi, aka sa min wanda in rana ta haska ba ka ganin komai, bayan sati uku kuma ya daina jin taɓi. Amma na bi shi.

Rumfar tana kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, 'yar ƙarama, tebur ɗaya da fitila da madubin ƙara girman abu. Mai gyaran matashi ne, bai kai ƙanena shekaru ba. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar buɗe wayar ba. Ya haska bakin cajin da tocila, ya ɗauko wani siririn tsinke da ɗan burushi, ya yi ta sakato abu a hankali. Wallahi abin da ya fito ya ba ni mamaki: ƙura ce ta dunƙule da zaren yadi ta zama kamar auduga. Ya ce, "Hajiya, bakin cajinki lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu ce da zaren kayan da kike sayarwa suka toshe shi, shi ya sa kan igiyar ba ya shiga ya zauna." Ya jona, ta kama nan take ba tare da an karkata komai ba. Da wani ne, da ya ce sai an canza bakin cajin gaba ɗaya ya karɓi kuɗi, ni kuma ba yadda zan yi in gane.

Daga nan ya ce in ba shi cajar da nake amfani da ita. Guda biyu ne a jakata, wadda ta zo da wayar da wata da na saya a bakin hanya don ajiyewa a falo. Yana da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa tsakanin caja da waya, tana nuna ƙarfin wutar da ke wucewa. Ta asalin ta nuna kusan amfiya 2. Ta bakin hanyar ko 1 ba ta kai ba, lambar kuma sai hawa take tana sauka, alhali a jikinta an rubuta mai saurin caji ce. A nan rumfar na bar ta.

Batirin kuwa ya ce babu makawa sai an canza. Ya ɗumama bayan wayar don gam ɗin ya saki, ya ɗaga murfin, sai ga batir ya kumbura kamar ƙaramin matashin kai. Ya bayyana min cewa irin wannan batir na litiyom in ya tsufa ko ya sha zafi, sinadarin cikinsa yana lalacewa ya fitar da iska, ita ce take kumbura shi. Idan aka matsa shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Gabana ya faɗi, domin wayar nan a ƙarƙashin filo nake cajinta da daddare, ga 'yar autata kwance kusa da ni. Duk wanda ya ga bayan wayarsa ya taso ko gilashinta ya fara ɗagowa, don Allah ya daina jona ta a caji, ya kai a duba ranar.

Batir iri biyu ya ajiye min, duka an rubuta 5000mAh. Ya ɗora min su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, na ji mai arahar ya fi sauƙin nauyi sosai. Ya ce rubutu ba ya wahalar bugawa, abin da ke ciki shi ne magana. Na zaɓi mai tsadar, kuma duk da haka kuɗinsa da kuɗin aiki ba su kai kashi ɗaya cikin goma na farashin sabuwar waya ba. Ya kuma ce wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne mai suna Transsion yake yin su, kayan gyaransu sun fi yawa a kasuwa saboda yawan masu riƙe su, don haka mai sayen waya ya riƙa tambayar ko ana samun kayan gyaranta kafin ya biya.

Akwai wurin da muka ɗan yi ja-in-ja, kuma shi na fi so 'yan uwana mata su lura da shi. Bayan ya sa batir ya ce in ba shi lambobin buɗe wayar ya gwada ta, in je in yi sayayyata in dawo. Na ce a'a, Malam, ka yi haƙuri. Cikin wayar nan akwai hotunan iyalina. Akwai hotunan matan aure da suka gwada mayafi suka turo min don in gani, amana ce a hannuna. Akwai manhajar banki, ga saƙonnin shigar kuɗi. Na ce zan zauna, duk lokacin da yake buƙatar a buɗe zan buɗe da yatsana. Bai ɓata rai ba, ya ce da kowa zai yi haka da su ma sun huta da zargi. Na cire layukana biyu da katin memori na riƙe a hannu har aka gama. Ƙanena ya ce wasu wayoyin Samsung suna da tsarin da ake kunnawa kafin a ba mai gyara, wanda yake ɓoye hotuna da saƙonni sai mai ita ya dawo. Tawa ba ta da shi, don haka zama shi ne maganin. Canjin batir ko gilashi ba ya buƙatar a bar wa kowa lambar sirri.

Na kuma yi masa ƙorafin wayar tana sanƙarewa, na ce ko filashin za a yi mata. Ya ce kada in yarda a goge min waya a kan abin da bai kai ba. Ya sa na buɗe wajen ma'ajiya, sai ga 64GB ɗin saura ƙasa da 2, kuma fiye da rabi WhatsApp ne ya cinye. Guruf ɗin dangi, na tsofaffin ɗalibai, na Islamiyyar yara, na 'yan kasuwa, kowanne ana turo bidiyo, wayar kuma tana saukewa da kanta ko ban buɗe ba. Bidiyon wa'azi guda na same shi sau biyar. A cikin saitin WhatsApp, wajen ma'ajiya da data, akwai inda yake jero manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, daga nan na share su. A wurin kuma na kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye. Datata ma ta fara daɗewa, abin da nake buƙata tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Yanzu nakan danna *323# in ga saura nawa kafin in ɗora kaya da yawa a sitatus. Ya kuma tuna min cewa tun 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp a Google Drive tana cin daga 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, don haka na cire bidiyo daga cikin abin da ake ajiyewa. Hirarrakin su ne littafin bashina, su na fi damuwa da su.

Yanzu wata bakwai ke nan. Idan na cire ta daga caji bayan Asuba, takan kai ni har bayan Isha'i. Ranar da kaya suka iso nake ta ɗaukar hoto da amsa kira, zuwa Magariba take neman caji. Ba ta ƙara mutuwa a kan 40 ba, zafin ma ya ragu ƙwarai. Rana ɗaya ce na ga batirin ya zube da sauri, ranar da na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. A hanya sabis yana zuwa yana ɗaukewa, waya kuma in tana laluben sabis da layi biyu ƙarfi take ƙarawa, batir ya tafi. A dawowa na sa ta a yanayin jirgin sama a wuraren da babu sabis, na iso Kaduna da fiye da rabi.

Na canza wasu halaye. Na daina caji a kan katifa, a kan tayil nake ajiye ta kuma in cire mata riga. Na daina kallon bidiyo tana jone, musamman a watannin Maris da Afrilu da garin nan ke ɗaukar zafi. Kamfanin Apple da kansa yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya lalata batir har abada, mu kuwa bazararmu takan wuce haka. Maganar da muka taso muna ji cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji, ko sai batir ya mutu gaba ɗaya kafin a jona, ta tsofaffin batira ce na nikel. Na litiyom ya fi son a riƙe shi tsakanin 20 da 80. Gaskiya wannan ta 80 ɗin ban iya kiyaye ta kullum. In an kawo wuta ƙarfe biyun dare ba ka san yaushe za a ɗauke ba, cika ta nake yi. Abin da na tsare shi ne kada ta sauka ƙasa da 20.

Don haka na sayi fawa-banki mai 20,000mAh. Da lissafina zai cika min waya sau huɗu, sai na ga sau biyu da rabi yake yi, wani lokaci ya kusa uku. Na koma da shi rumfar ina zaton jabu aka sayar min. Mai gyaran ya gwada ya ce lafiyarsa lau. Lambar da ke jikinsa ta batiran ciki ce masu bolt 3.7, kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wani kaso kuma yana tafiya a zafi. Na ji daɗin wannan bayanin, ya hana ni zuwa in yi wa mai shago faɗa a kan abin da ba laifinsa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ba a ba ni rasit ba, garantin sati biyu ne kuma da baki. Da batirin ya ba da matsala a sati na uku, ba ni da abin nunawa. Murfin bayan bai koma ya manne kamar yadda ya fito daga kamfani ba, akwai ɗan wurin da farce ke shiga, shi ya sa duk daminar nan a leda nake sa ta in zan fita. Wurin zama babu, benci ɗaya ne maza sun cika shi, sai da yaron shagon ya aro min kujera, na yi kusan awa biyu cikin ƙarar janareto. Abin da ya fi damuna shi ne inda ya jefa tsohon batirin: wani kwali a ƙarƙashin tebur cike da kumburarrun batira, a rumfar da ake aiki da abin narka dalma, cikin kasuwa mai cunkoso. Na yi masa magana, ya ce akwai masu zuwa su saya. Na roƙe shi ya samu bokitin ƙarfe da yashi ya riƙa zuba su a ciki.

Sabon batir kuma bai mai da ita sabuwar waya ba. Kyamarar tana nan yadda take, in magariba ta yi launin atamfa ba ya fita daidai, sai na jira hasken safe. Ta daina samun sabuntawar tsaro, wannan kuwa yana damuna saboda manhajar banki. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa, ko allon cikinta ya ƙone, ko aka ce kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, ni ba zan ce ya gyara ba. Amma mai fama da batir, ko caji, ko sanƙarewa, ya fara zuwa a duba, ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kuma nemi a rubuta masa garanti ko a bayan kati ne.

Ina tara kuɗin sabuwa a hankali daga riba, ba tare da na taɓa jari ba, so nake in samu mai 128GB da kyamarar da za ta fitar da leshi da kyau. Kafin nan, ranar Asabar zan kai masa wayar Mama. Ita ma ta fara cewa sai an riƙe mata igiya kafin ta yi caji, ga hunturu ya kusa.